Guduma Yana Neman Mai Kayar da Shi

Kitwe, 4 ga Maris, 2012

Zuwa ga Yotamu Miti, Kadan Kogin Luangwa, sarkin masu cin ɓera.

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kai da Tisa da yara, da ɓerayen Chipata in kun bar saura. Ni ne Katongo Lombe, Guduma. Kada ka yaga takardar nan. Wata mai sayar da gyaɗa 'yar garinku ce ta ce min kana raye, wai har ka zama dattijon coci. Kai ɗin? Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.

Kwanan baya na zauna ina tuna waɗanda suka riƙe kambun kokawa na Yankin Tagulla, tun da Stavros, Bagirken nan mai kanti, ya kafa shi a 1971. Mu shida ne, biyar sun riga mu gidan gaskiya. Kowannensu sai da aka danne masa kafaɗu, alƙali ya bugi ƙasa sau uku, ya miƙa bel ɗin kambun ga na bayansa, sannan ya tafi gida da zuciya sakayau. Ka san sana'ar: wani ya faɗi dominka, kai ma ka faɗi domin wani. Chisala, wanda na karɓi kambun a hannunsa, da karyayyen haƙarƙari ya hau dandamali ya faɗi domina.

Ni kaɗai ban faɗi ba. Asabar ɗin nan ta Yulin 1984 kai aka shirya za ka kayar da ni. Wata guda muna gwadawa a sito, bayan buhunan garin masara. Ba ka zo ba. Jama'a suka farfasa kujeru, aka rufe zauren kokawar, Stavros ya koma ƙasarsu, kambu ya mutu a hannuna. Har yau in na wuce ana nuna ni, wai ga wanda ba a taɓa kayarwa ba. A ganinsu yabo ne. Ni kuwa ji nake kamar na ari rigar biki, mai ita ya ɓata.

Ƙurar ramin tagulla ta cinye min huhu. Likita ya daina kallon idona in yana magana. Ka zo ka karɓi abinka, Yotamu. Ba na so a binne ni ina riƙe da shi.

Naka, ko ka so ko ka ƙi,
Katongo

Chipata, 27 ga Maris

Zuwa ga Katongo, jikan masu cin biri.

Alherin Ubangiji ya kasance tare da kai da iyalinka. Takardarka ta kwana biyar a aljihuna kafin na iya buɗe ta.

Ba zan zo ba. Gwiwoyina sun gama aiki, in na durƙusa addu'a sai mutum biyu sun kama ni. In bel ɗin ya dame ka, ka ba direba ya kawo, Tisa ta riƙa ɗora tukunya a kai.

Amma tunda ka tono, to ka ji. Ka tuna wasan da aka ce na karya maka hannu? Hannun da ka sa ka cinye min nshima, tuwon masaran nan namu, a kwanona bayan awa biyu? To, mutanen Kitwe ba su ga wannan ba. Ranar Alhamis, saura kwana biyu a yi karawar kambun, matan kasuwa suka tare Tisa, da cikinta wata bakwai, suka watsa mata ruwan wankin kifi. Ɗaya ta ce, "Matar Kada, gaya wa mijinki, ranar da ya taɓa bel ɗin Guduma a toka za ku kwana." Na je na gaya wa Stavros. Sai ya tafa hannu ya ce, "Madalla! Zaure zai cika." Na so in zo wurinka, amma ka san doka, kada a ga Guduma da Kada a layi ɗaya. Asabar da safe muka hau motar Lusaka.

Ni na kashe kambun, na sani. Da wane ido zan shigo Kitwe?

Ba bel ɗin nake kewa ba. Ihun nake kewa, mutum dubu suna zagina da baki ɗaya, na maƙure ka, kai kuma kana raɗa min a kunne, "A hankali, ɗan ɓera, wuyana ne." Yanzu kowa rusunawa yake ya gaishe ni. Shekara ashirin da takwas ba wanda ya zage ni yadda ya kamata, sai da takardarka ta zo. Na yi kewarka, Katongo, ƙwarai.

Muna sa ka a addu'a kullum.
Ɗan'uwanka cikin Ubangiji,
Y. Miti

Kitwe, 15 ga Afrilu

Kai Yotamu,

Gaisuwa kaɗan, numfashi ya yi wuya. Rubutun 'yata Mwila ne, ni ke faɗa tana rubutawa.

A ba direba? Tun yaushe ake ba da kambu a mota kamar buhun dankali? Tsufa ya taɓa maka kai.

Maganar Tisa tun a ranar na ji. Asabar ɗin ma ina tasha, bayan rumfar mai gawayi, ina kallo kuna ɗaure katifa a saman mota. Taku ashirin ne tsakaninmu. Ban fito ba, don akwai idon mutane, wai Guduma ba ya yi wa Kada ban kwana. Da yamma kuma na tsaya gaban jama'a na ce tsoro ne ya kore ka. Ka ga wautar da ke hana ni sukuni, ba tari ba. Ka roƙar min Tisa gafara.

Na shirya komai. Ba sai ka durƙusa ba, gadona yana da tsayi. Alƙalinmu ya rasu, amma Mwila malamar lissafi ce, za ta iya ƙirga uku. Hannu kawai za ka ɗora min a ƙirji.

Katongo

Baba Miti, ni ce Mwila. Ko wace mota ya ji ta tsaya a layinmu sai ya ce in leƙa. Don Allah ku yi sauri.

Kitwe, 29 ga Afrilu

Tisa, uwar Dalitso,

Ina gaishe ki da yara. Na iso lafiya. Katongo ya rame, sai ido da baki suka rage. Ina shiga ya toshe hanci, ya ce wa ya kawo warin ɓera ɗakinsa.

Jiya Asabar muka yi karawar. Maƙwabta suka cika taga, wata tsohuwa ta gane ni ta ce, "Mugu, ka dawo?" Na ji daɗi har raina. Na ɗora masa hannu a ƙirji, Mwila ta bugi katifa, ɗaya, biyu. Tisa, mutumin da ba ya iya ɗaga cokali, sai ga shi ya ɗaga kafaɗa! Taga ta kaure da ihu. Na sunkuya na ce, "Katongo, ba haka muka shirya ba." Ya damƙi wuyan rigata ya ce, "In ka ci, gobe za ka hau mota. Sai Asabar mai zuwa."

Mwila ta ja ni waje ta ce likita bai ba shi Asabar biyu ba. Don haka ba yanzu zan dawo ba. Dalitso ya fara cire gyaɗa, kada ya jira ni. Ki ba direba maganin gwiwata ya kawo min, da baƙar kwat ɗina ta zuwa jana'iza.

Mijinki,
Yotamu