Muryar Jita Ta Ƙi Fita

Alhamis, bayan isha'i, Nima

Kwana tara ina saita muryoyin jita a sabuwar na'urar da na saya mai kwaikwayon amfilifaya, wato akwatin ƙara sauti. Da hedifon na yi, don ɗakina bango ɗaya ne da masallaci. Kowace murya na rubuta lambobinta a littafi, kuma a kunnena duk da daɗi.

Yau a wajen gwaji na haɗa ta da manyan sifiku, sai ƙara kamar ana kankare tukunya. Kwame mai ganga ya ce da ni, "Chale Awudu, sauro ka kawo mana?"

Shugabanmu bai yi dariya ba. Ya ce in ba ta gyaru ba, wani zai riƙe jita jibi a bikin da za mu yi a unguwar Maamobi.

Ga ni zaune gaban maɓallan, ban san wanda zan murɗa ba.