Na'ana'ar Hajiya Ta Yi Sanƙo

Anti Zalika, don Allah ki cece ni kafin matata ta dawo.

Ina da shago a ginin Tianxiu, unguwar Xiaobei, nan Guangzhou. Da Hajiya za ta tafi Kano ganin gida, ko ta kaina ba ta bi ba, na'ana'arta ta damƙa mini amana. Ta yi shekaru a bahon roba a barandarmu, da ita ake mana shayi. Wallahi kullum sai na ba ta ruwa. Amma yanzu tsakiyarta ta mutu, sai busasshen kara, na gefe kuma sun yi zaƙwal sun kwanta. Abin haushin, ni ma haka kaina yake. Abokina Fu'ad ya dubi bahon, ya dube ni, ya ce ashe ana ɗauka.

Na je wurin wata mai sayar da furanni. Sinancina bai wuce gaisuwa ba, sai na cire hula na nuna mata tsakiyar kaina, na nuna tukwanenta. Baiwar Allah ta ce meiyo, wato babu, ta raka ni har ƙofar mai aski.

Fu'ad ya ce in sayo wata in dasa in yi shiru. Ni kuwa tsoro nake ji, don matar nan ko filo na juya sai ta gane. Hajiya na hanya, ya zan yi?

Mai Hula, Xiaobei

Alhaji Mai Hula, kwantar da hankalinka, ba daga wurinka ta ɗauka ba. Haka na'ana'a take idan ta daɗe a wuri ɗaya: saiwa ta cika baho, tsohuwar tsakiya ta gaji ta mutu, sababbi su gudu gefe. Ko Hajiya na nan sai an yi hakan. Naka laifin bai wuce ruwan nan na kullum ba, a garin da iskarsa ma jiƙa mutum take yi.

Ka juye bahon, ka sa wuƙa ka raba dunƙulen, ka zubar da mataccen. Ka zaɓi masu rai daga gefe ka dasa a sabuwar ƙasa, ka tabbata gindin bahon na da huda. Dogayen nan ka datse su, ka sha shayi da ganyen. Ka matsar da ita inda rana ke taɓawa, ruwa kuma sai saman ƙasar ya bushe. Nan da nan za ta tofo. Wannan magani na baho ne kawai, kada ka gwada a wani wuri.

Shawarar Fu'ad da sauƙi, amma macen da ta tarar an sauya mata shuka a ɓoye za ta fara tambayar me kuma aka sauya a gidan. Ka kira ta ta bidiyo yau, ka nuna mata bahon, ka bar ta ta yi dariyarta ta ƙoshi.

Allah ya kawo ta lafiya, ya ba ka ƙarfin halin danna kiran.

Anti Zalika