Hajiya Ta Ji Gurminka

Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba, jiragen kayan da ke tashi daga filin jirgin Baiyun ba sa zuwa inda kake. Amma in ban faɗa maka ba, hankalina ba zai kwanta ba.

Ƙasar nan da muke ci-rani ta ruɗe da wasannin Olamfik. Biza ta yi tsauri, maƙwabtanmu 'yan Maraɗi a kasuwar Canaan rabinsu sun koma gida. Shagonka na nan, ina riƙe da shi.

Ka tuna mawaƙiyar nan 'yar Japan da kake kira 'Yar Firit? Wadda ta shigo neman rigunan hawa dandali, ta jiyo ka kana kaɗa gurmi a bayan dilolin kaya, ta ƙi tafiya? Har yau ba ta da babban kamfani, a ƙananan zauruka take waƙa, kowane faifai sai ta nemo makaɗin da za su haɗu. Ranar da kuka je ɗaukar waƙar, ni na tsare shago ina ta ƙunƙuni.

Wata huɗu da rasuwarka ta aiko da faifan, ga sunanka ɓaro-ɓaro a jiki. Hajiyarmu kuwa ta hana ka gurmi tun kana saurayi, ta ce gidanmu ba gidan roƙo ba ne, kai kuma ka ce mata ka bari. Ka tafi da saɓa wa uwa a wuyanka, Yaya, ni kuma ina cikin rufin asirin. Wa zai nema maka yafiyarta?

Ga abin da nake jin kunya: na rubuta wa yarinyar nan na ce ta cire sunanka. Ta ƙi, ta ce ba ta goge sunan wanda suka yi waƙa tare. Ka yafe min.

Da bizata ta ƙare na je Kano sabunta ta, na durƙusa gaban Hajiya na faɗi komai, na kunna mata. Kanta na sunkuye har waƙar ta ƙare. Ko ka san me ka kaɗa? Ta ce sautin da take rera maka ne kana goye a bayanta. Ta ce tun zuwanka na ƙarshe ta ga kanta a yatsanka ta gane, kuma ta yafe maka duniya da lahira tun kana da rai. Wallahi na yi kuka, amma kukan sauke kaya ne.

Faifan ta riƙe. Ƙorafinta ɗaya, wai siririyar muryar yarinyar nan tana hana ta jin ɗanta da kyau.

Ka kwanta lafiya, Yaya. Allah Ya kai haske kabarinka.

Ƙaninka mai tsaron shago,
Lawan