Zambon Kakana a Bakin 'Ya'yana

Hajiya Kaltume, don Allah ki taimake ni kafin in aikata abin da zan yi da-na-sani. Ni 'yar Zamfara ce, aure ya kawo ni Unguwar Kanawa. Mijina, Baban Ilham, ma'aikacin gwamnati ne, kuma tun da ya gano ana ɗora tsofaffin waƙoƙin fada a YouTube na rasa miji. Da ya dawo daga ofis sai ya miƙe a falo yana tonon kiɗan taushi da kotso da aka kwafo daga kaset, abinci na gabansa har ya huce. Wannan duk na haƙura.

Kwanaki ya tono wata waƙa da aka yi wa wani tsohon hakimin garinmu. Ina wanke-wanke na ji makaɗin yana zambo ga wani ɗan sarki da ya nemi sarautar ya rasa: gajere mai ƙaton rawani, mai ɗingishi, wanda ya sayi doki tun ba a yi naɗi ba. Nan take na gane wanda ake nufi. Kakana ne, mahaifin mahaifiyata, mutumin da ke ɗora ni a cinya yana ba ni dabino. A gidanmu ko ambaton waƙar nan ba a yi.

Na gaya wa Baban Ilham. Hajiya, dariya ya yi! Wai ai tarihi ne, wai zambo shi ne gishirin waƙar fada. Yanzu ita yake sawa a mota in zai kai yara makaranta. Jiya na kama Ilham da ƙanenta Sagir suna amshi a tsakar gida, har da kwaikwayon ɗingishi. Na zane su sosai, kuma ban yi nadama ba.

Haushi ya sa na shiga wurin sharhi a ƙarƙashin waƙar, na wanke wanda ya ɗora ta tas, na rubuta cikakken sunan kakana da garinmu, na ce ya fi uban kowa daraja. Marasa kunya sai dariya suke turowa, wani har yana tambaya ina dokin. Na ce wa Baban Ilham ko waƙar ko ni. Yayana yana unguwar Hayin Banki, wurinsa zan tafi, kayana kuma a ɗaure suke.

Jikar Mai Daraja, Unguwar Kanawa

Jikar Mai Daraja, kwance kayanki tukuna.

Mijinki bai kyauta ba. Son tsofaffin waƙoƙi ba laifi ba ne, ni ma ina saurare, kuma masu ceto su daga ruɓaɓɓun kaset suna aikin kirki. Amma mace ta ce abu na ƙona mata rai, miji ya yi dariya ya kuma kunna wa 'ya'yanta, wannan rashin tausayi ne, ko da wane suna ya kira shi.

Sai dai ke ma ki ji naki. Makaɗan fada ba sa kama sunan wanda suke wa zambo. Siffanta shi suke yi, wanda ya sani ya sani, kuma yawancin waɗanda suka sani sun kwanta dama. Masu saurare a yau ba su san ko wane ne gajeren nan ba, sai da jikarsa ta zo ta rubuta musu sunansa da garinsu. Ki goge sharhin nan yau, kada ki ƙara tanka wa kowa. Batun a cire waƙar kuwa ki manta da shi, ta riga ta shiga hannuwa da yawa.

Idan kun huce, ki gaya wa mijinki ba da ihu ba: ya ji sauran waƙoƙinsa yadda ransa ke so, amma wannan ɗaya kada ta sake tashi a gidan ko a mota. In ya ƙi, ki kira yayanki ya zauna da shi. Ban ce ki yi yaji ba.

Yaran kuma kin dake su a banza. Ina kyautata zaton ba ki taɓa ba su labarin kakanki ba, sai makaɗi ya riga ki. Ki rarrashe su, ki zaunar da su, ki gaya musu wane ne shi, da alherinsa, da yadda ya rayu bayan sarautar ta wuce shi. In kika ci gaba da shirun gidanku, ɗingishin nan kaɗai za su gada daga gare shi.

Allah ya jiƙansa, ya sanyaya miki zuciya, ya zaunar da gidanku lafiya.