Ƙunshin da Sabo Ya Kawo wa Inna

Kaura Namoda,
Ranar Lahadi.

Zuwa ga ƙanwata Naja'atu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Mahmuda angon ƙarni da jaririnku Ammar. Allah ya raya mana shi bisa sunna, ya ba ki lafiyar shayarwa, ya sa zafin Jidda bai hana ki shan kunun kanwa ba. Mu nan sai godiya. An yanke gero, dawa ma ta yi kyau a Badarawa, hanyar Shinkafi kuwa muna binta da addu'a kamar kullum. Har yau layin waya bai dawo mana ba, shi ya sa kika ga direba ya koma malamin rubutu. Abokin aikina Imrana zai yi lodin Funtuwa gobe, a can zai ɗauki hoton takardar ya turo miki. Ina roƙonki ki karanta ta ke kaɗai.

Shirin zuwan Inna wankan jegonki ya kusa sa mini furfura. Mai shirya tafiyar ya ba mu takardar dokokin jakar hannu: kada ta wuce kilo bakwai, ba wuƙa, ba almakashi, abin ruwa kuwa sai ɗan mitsitsin kwalba. Da na ɗaga jakar Inna sai da ƙuguna ya amsa. Man shanu galan guda, zuma, ga 'yar wuƙarta ta yankan goro da ta girme ki. Na ce duk a mayar da su babban akwati, goro kuma ya zauna gida. Ta ce wai ni da ban taɓa hawa ko matakalar jirgi ba na zama sarkin tasharsa. Wuƙar ce ta fi yi mata ciwo, don ta ce rabonta da kwana ba ita tun kafin a yaye ni. Kin kuma san halin mutanenmu, da sun ji mai tafiya sai saƙo ya tashi. Kowace tsohuwa a unguwa tana da ɗa ko jika a can, Inna kuwa ba ta iya cewa a'a ba.

Ran Talata na dawo daga tasha na tarar da wani baƙo a zaure, fari, mai yawan murmushi. Ya ce sunansa Sabo, daga Moriki, wai ɗan ƙanin mahaifin Mahmuda ne. Ya kawo wani ƙunshi kamar girman bulo na sabulu biyu, an naɗe shi da farin ƙyalle an ɗinke ko'ina da baƙin zare. Ya ce maganin jego ne da na jariri daga dangin uba, kuma malamin da ya haɗa ya gindaya sharaɗi biyu: kada a buɗe, laƙanin zai karye, kada kuma a haɗa shi da akwatuna a ƙasan jirgi, lallai ya zauna a jakar hannu. Kafin in buɗe baki Inna ta karɓa da hannu biyu, ta ce amana ta shiga hannunta. Da zai tafi ya yi mata addu'ar Allah ya kai mu Laraba lafiya. Na gyara masa na ce Litinin ce tafiyar. Ya yi dariya ya ce tsufa ne ya fara kama shi.

Naja'atu, shekarata goma sha tara ina tuƙi tsakanin Kaura, Zurmi da Shinkafi. Na ga direban da ya ɗauki buhun da aka ce masa gishiri ne, yau shekara uku iyalinsa na kai masa abinci gidan yari. Ni ko kwalin taliya aka ba ni sai na leƙa cikinsa. Mutumin nan bai kwanta mini ba ko kaɗan. Wane irin magani ne yake tsoron ƙasan jirgi? Kashegari na tsaya Moriki na tambayi mahauta da 'yan awo, waɗanda suka san gidan su Mahmuda tun kakanni. Babu wanda ya san wani Sabo a zuriyar. Na ce lallai da walakin, goro a miya.

Na faɗa wa Inna, ta rufe ni da faɗa. Ta ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, ta ce tun tana yarinya ake aiken ta da ƙunshi ba ta taɓa kwance na kowa ba, ba kuma za ta fara a kan surukai ba. Raina ya ɓaci, na kusa fizge abin, amma uwa uwa ce. Sai na ɗauko takardar dokokin nan na karanta mata layin ƙarshe. Na ce a filin jirgi za a tambaye ta ko ita ta haɗa kayanta, ko ta san duk abin da ke ciki. Na ce ta gaya mini amsar da za ta ba su, tunda ita ba ta ƙarya, kuma ba ta sani ba. Can ta aike ni in ciro mata wuƙarta daga babban akwati.

Da hannunta ta farke zaren. Sama-sama sassaƙe ne da garin magani, har ta fara hararata. Da ta ƙara tonawa sai ga ledoji shida, cike da ƙwayoyin nan da suka lalata mana samari. Kin fi ni sanin hukuncin wanda aka kama da wannan a ƙasar da kike, ba ruwansu da furfura. Inna ba ta yi kuka ba. Ta jawo sauran saƙonnin makwabta goma sha ɗaya, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana farkewa tana istigfari. Daddawa ce da kuka da yaji, bayin Allah. Ƙwayoyin mun kai wa hukuma ni da mai unguwa, Sabo kuwa ko ƙurarsa.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Jiya Imrana ya dawo da saƙon da Mahmuda ya tura wayarsa, cewa ya sauya tikitin Inna daga Litinin zuwa Laraba. Mu da ke gida ɗaya da ita sai jiya muka ji. Sabo ya sani tun ran Talata. Ban ce Mahmuda ba ne, Allah ya tsare ni da ɗaukar alhakin surukin da ban taɓa ganin aibunsa ba. Watakila wani ne cikin masu shiga gidanku, ko wanda ya yanka masa tikitin. Amma ruwa ba ya tsami banza. Ki tuna a gaban wa aka yi maganar ranar. Kada ki tambayi kowa tukuna. Ki dai lura da wanda ya fi ki ɗokin saukar Inna, da wanda zai fara miƙa hannu ga jakarta.

Na ce ta fasa tafiyar, ta ƙi. Ta ce jikanta bai yi mata laifi ba. Ta wanke farin ƙyallen nan ta ninke, shi ne a saman jakar hannunta. Ta ce wannan dai doka ba ta hana ba, kuma duk wanda ya zo karɓar saƙo za ta miƙa masa tana kallon idonsa.

Zulaihat na gaishe ki, da Goggo Balaraba da Kawu Bawa na Katuru. Ki shafa mini kan Ammar. Mahmuda ma ki gaishe shi, gaisuwa kawai.

Naki yayanki,
Kamilu Direba.