Sunan da Bai Shiga Rumbu Ba

Illela, ranar Talata

Zuwa ga Mukhtari,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Ni kam lafiyar jiki kawai gare ni.

Na toshe lambarka, shi ya sa Maccido direba zai kawo maka wannan takarda. Jiya ina wajen mai shayin bakin tasha sai ga muryarka a rediyo, kana ta zuba bayani a kan manhajar da muke amfani da ita wajen rajistar dabbobin da aka yi wa rigakafi a kasuwar kara ta Illela. Wai wani rumbun ajiya na ƙasar waje, mai tara asalin rubutun manhajojin da aka bar wa jama'a kyauta, ya kwafi tamu, zai adana ta shekaru ɗaruruwa. Mai shayi ya dube ni ya ce, "Sahabi, ba kai kay yi abin ga ba? Mi yas sa ba mu ji sunanka ba?" Na ji kamar in nutse.

Wata bakwai na yi ina rubuta ta, kai kana ofis a Sakkwato fanka na kaɗa ka. Gudummawarka ita ce aron kwamfuta. Ni ke taka kashin shanu duk Lahadi ina gwada ta. Ba zan ɓoye ba, ƙyashinka nake ji.

Kalmar sirrin shafin da ka ɗora ta tana hannuna. Na shiga na goge ta kaf. Sai su adana iska.

Ka huta lafiya.
Sahabi

Sakkwato, ranar Alhamis

Zuwa ga mai sunan Baba,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarka ta iso. A gaishe mini da Innarka, Goggo Hadijatu, da kyau.

Taubashina sarkin zuciya, wahalar banza ka sha. Rumbun ya kwafe ta tun bara, tare da tarihin duk gyaran da aka yi mata. Kwamfuta tana buga sunan mai ita a kan kowane gyara, kuma da tawa ka yi aikin. Daga ni har kai babu wanda ya tuna a canja. Wannan sakacinmu ne.

A rediyo kuwa cewa na yi mai sunan mahaifina ne ya rubuta ta. Ka sani, tunda Goggo ta sa maka sunan yayanta, bakina bai taɓa kiran sunan nan ba. Ta yaya zan faɗe shi duk Sakkwato na ji? Ka buɗe shafin farko na manhajar a rumbun, na bar maka shaida a can tun ranar da na ɗora ta.

Allah ya huci zuciyarka. Naka,
Mukhtari

Illela, ranar Laraba

Mukhtari,

Salam. Ba don kewarka na rubuto ba. Ruwan shekaranjiya ya yoyo ta kwano, daidai kan kwamfutata, ta mutu murus. Rajistar dabbobin tana nan a filashi, amma manhajar da za ta buɗe ta babu, tunda na goge ta da hannuna. Kada ka yi dariya. Ranar Lahadi shanu za su shigo daga Konni, kuma likitan dabbobi ya ce in babu rajista ba zai iya tantance wanda aka yi wa allura da wanda ba a yi wa ba.

Na leƙa rumbun naku a waya. Na ƙirga sunanka, sau ɗari huɗu da goma sha biyu. Na kuma ga shaidar taka: "Mai sunan Baba ne ya rubuta wannan." Wane Baba? Baban wa? Bayan shekara ɗari, in wani ya buɗe a wata ƙasa, Goggonka zai zo ya tambaya? Kunyarka ta samu wurin zama har abada, ni da na yi aikin ina waje a tsaye. Wallahi wannan ya fi na rediyo ciwo.

Ka turo mini manhajar kafin Asabar, don shanun mutane.

Sahabi

Sakkwato, ranar Juma'a

Zuwa ga mai sunan Baba,

Bayan gaisuwa da jajen kwamfuta, filashin da ke cikin ambulan ɗin nan yana ɗauke da manhajar, daga rumbun na sauke ta. Ba ta rage ko layi ɗaya ba.

Maganarka ta zauna mini. Gaskiya ne, girmamawa na nufa, ashe shafe ka na yi. Na sake ɗora manhajar, na gyara shafin farko, na nemi rumbun ya kwafi sabuwar. Tsohuwar ba za ta fita ba, amma za su zauna tare. Na daɗe a gaban kwamfuta kafin yatsuna su yarda. Matata Latifa ta shigo ta tarar ina share ido, domin rabona da rubuta sunan nan tun takardar rasuwar Baba. Ba zan iya maimaita shi a nan ba. Ka je ka duba.

Wassalam,
Mukhtari

Illela, ranar Litinin

Mukhtari,

Salam. Kasuwa ta ci lafiya, an yi wa shanu allura.

Na duba. "Sahabi ɗan Faruku na Illela." Na karanta wa Inna, ta ce, "Yaron ga da hannunai yar rubuta sunan ubanai?" Ta tashi ta shige ɗaki.

Har yanzu naka ɗari huɗu da goma sha biyu, nawa ɗaya, kuma ban fasa jin haushi ba. Amma na buɗe lambarka. Kada ka sake rubuta shi saboda ni. Sau ɗayan nan ya ishe ni.

Naka,
Mai sunan Baba