Kwalaben Surukina da Baƙin Hannuna

Gwaggo, don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki hanzarta, don saura mako uku a ɗaura mini aure, ga shi hannuwana biyu sun yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Na san kin fara dariya. Yi abinki, makarantarmu kaf ta riga ki.

Ni malamin kimiyyar sinadarai ne a wata makarantar sakandare. Shekarata biyu da fara aiki, bana kuma aka damƙa mini ɗakin gwaje-gwaje, aka ce ni ke da alhakinsa. A takarda ke nan. A zahiri mai ɗakin wani dattijo ne, ma'aikacin da ke kula da kayan gwaji, wanda kowa ke kira Baba Kwalba, tun daga shugabar makaranta har mai gadi. Shekararsa talatin da ɗaya yana wanke kofunan gwaji, yana haɗa sinadarai, yana shirya wa ɗalibai tebura. Tun ba a haife ni ba yake wannan aiki. Makullin babban kabad ɗin sinadarai yana rataye a wuyansa da igiyar takalmi, kuma ban taɓa ganin ya cire shi ba.

To, Gwaggo, ’yarsa zan aura. Ma'aikaciyar jinya ce. Wata rana Baba ya manta tabaransa a gida, ta biyo ta kawo masa kafin ta wuce aiki. Ina tsakiyar darasi ta yi sallama a bakin ƙofa. Lissafin da nake yi a allo sai da na goge shi sau uku, har yara suka fara gyara mini. Daga ranar sai Baba ya shiga manta tabarau sau biyu a mako. Mutumin da ko cokalin awo bai taɓa ɓata masa ba. Sai daga baya na gane tsohon nan ya riga mu ganin abin da ke zukatanmu. Yanzu magana ta kankama, iyaye sun shiga, an sa rana. Wallahi ban taɓa farin ciki irin na bana ba, wani lokaci ina tafiya a hanya sai in kama kaina ina murmushi ni kaɗai.

Ga inda gizo ke saƙar. Kwalaben Baba ba su da suna a jikinsu. Takardun da aka manna musu tun asali sun koɗe, wasu sun ɓamɓare. Kwalaben gilashi kuma da suka yi ta fashewa shekara da shekaru, sai ya koma zuba abin da ya haɗa a robobin ruwan sha da aka shanye. Shi dai ya san kowace, kamar yadda uwa ta san ’ya’yanta, har laƙabi ya ba su. Asid mai ƙarfi shi ne Mai Fushi. Wanda warinsa ke sa hawaye, Sa Kuka. Akwai wani fari tas da ke komawa ja-ja da zarar an ɗiga shi a wani ruwan, wannan Mai Kunya. Ruwan sinadarin azurfa kuwa Munafuka yake ce masa, don ido ba ya bambanta shi da ruwan sha, sai ya taɓa fata rana ta haska shi sannan halinsa ya fito. Yara suna son waɗannan sunaye, kuma gaskiya sun fi riƙe su fiye da na littafi. Ni ma dariya nake yi, har ranar Talatar da ta wuce.

Ran nan famfo ya ɗauke. Na shigo da robar ruwana na ajiye a gefen wurin wanke hannu. Ashe Baba ma ya haɗa Munafuka don gwajin yamma, ya ajiye a nan, a roba iri ɗaya sak da tawa. Da aka tashi ina sauri in yi alwala kafin aji na gaba ya shigo, na sa hannu na ɗauki roba ba tare da na duba ba. Na wanke hannu sau uku. Na kamfata a tafina zan kai baki, sai na ji an damƙe wuyan hannuna. Baba ne. Tsohon da kullum yake tafiya kamar mai tausayin ƙasa, ban san lokacin da ya tsallake tebura uku ba. Ya ja ni zuwa bokitin ruwa, ya yi ta kwarara mini yana cuɗa hannuwana da nasa. Kafin la'asar hannuwa sun rine. Da na koma na leƙa, sai na ga robar da ke kusa da wadda na ɗauka Mai Fushi ce a ciki. Sai da na nemi kujera na zauna.

Tun daga ranar na zama abin tsokana. Ɗalibai suna cewa ango ya riga amarya ƙunshi. Malamin lissafi ya ce in daina ba shi hannu kada in shafa masa aure, shi bai shirya ba. Mutuniyar tawa ta duba hannun, ta tabbatar ba ƙuna, sannan ta yi dariya har da riƙe ciki. Mahaifiyata ta haɗa ni da sabulu iri huɗu, ko gezau.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, shi ne Baba. Ya daina ba yara labarin kwalabensa. In mun gaisa sai ya sunkuyar da kai, ni ma in sunkuyar, mu tsaya kamar masu neman allura a ƙasa. Dama tun da aka sa rana bakina ya yi nauyi a gabansa. Da can nakan ce, Baba a miƙo kaza, a kawo kaza. Yanzu ko kofin gwaji nake so sai in tashi in ɗauko da kaina. Ta yaya zan dubi surukina in ce masa yadda yake aiki shekara talatin akwai haɗari a ciki? Ga shi na lura idonsa ya fara rauni da gaske, takarda sai ya miƙar da hannu yake iya karanta ta.

Shugabar makaranta ta ce in rubuta mata rahoton abin da ya faru, in kai ranar Litinin. In na rubuta gaskiya, ina tsoron a ɗora wa Baba laifi, saura shekara ɗaya ya yi ritaya, ya fita da tabo, kuma a ce da hannun mijin ’yarsa. In na rufe, mako mai zuwa yara arba'in za su shiga ɗakin nan shirin jarrabawa, kuma ba kowa ne zai samu Baba a bayansa ba. Wani abokina ya ce in shiga ranar Asabar in manna sunaye a ɓoye, to rabin robobin ban san abin da ke cikinsu ba, makulli kuma yana wuyan mai shi. Wani ya ce in tura ’yarsa ta yi masa magana. Gaba kura, baya siyaki. Ina ƙaunar tsohon nan, Gwaggo, kuma ina tsoro. Yaya zan yi?

Naki,
Ango Mai Baƙin Hannu

*

Ɗana Ango,

Na yi dariya, ba zan ɓoye maka ba. Amma da na zo wurin da ka kai tafi baki, dariyar ta tsaya. Mu gode wa Allah da ya sa alwala da hannu ake farawa.

Bari in fara da kai, tunda kai ka kawo kanka. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na Baba. Wa ya shigar da ruwan sha ɗakin gwaji? Wa ya ɗauki roba marar suna ya zuba a jikinsa bai duba ba? Da ɗalibi ne ya yi haka, da ka tsayar da shi gaban aji ka yi masa wa'azi. Kuma shekara biyu kana ganin robobin nan kana dariya, alhali kai ne mai ilimin abin, bana ma kai ne mai alhakin ɗakin. Ban faɗi wannan don in ƙara maka nauyi ba. Na faɗa ne don a nan mafitarka take. Wanda ya zo da nasa kuskuren a hannu, ba a jin zafin gyaransa. Naka kuwa a hannun yake, kowa na gani.

Shi ma Baba yana da nasa. Sinadari a robar ruwan sha ganganci ne, ko da wa ya zuba. Ilimin da ke kan mutum ɗaya kuma, ranar da ya kwana da zazzaɓi ɗakin ya zama tarko. Sai dai ka yi masa adalci. Ba don sakaci ya koma roba ba, kwalabe ne suka ƙare ba a kawo wasu ba, ya yi dabarar da ya iya don kada darasi ya tsaya. Shirun da yake yi kuma ba fushi ba ne. Mutumin da ya daina ba yara labarin kwalabensa ya riga ya yi wa kansa faɗan da ya fi wanda za ka yi masa. Kunyarka yake ji kamar yadda kake jin tasa, kowa na jiran wani ya fara. Kai ne yaro, kai za ka fara.

Kada ka manna komai a ɓoye, wannan raini ne, kuma suna na ƙarya a jikin kwalba ya fi rashin suna haɗari. Kada kuma ka sa amaryarka a tsakani tun ba ta shigo gidanka ba. Maganar aiki ce, ku gama ta a wurin aiki.

Ka same shi kafin Litinin. Ka gaishe shi yadda ya kamata, ka yi masa godiyar ceton da ya yi maka, don na lura a duk wasiƙarka ba ka ce ka gode masa ba. Ka ce ka yi wauta. Sannan ka roƙe shi ya zaunar da kai ya karanta maka kwalabensa ɗaya bayan ɗaya, shi yana faɗa kana rubutawa. Kowace takarda ta ɗauki sunan littafi, da ƙarfin haɗin, da ranar da aka haɗa, da alamar haɗari. A ƙasa kuma, da manyan baƙaƙe yadda idonsa zai gani, ka rubuta laƙabin da ya ba ta. Mai Fushi ta zauna Mai Fushi. Ka ga ba ka ƙwace masa ɗaki ba, ka sa hannunsa ne a jikin kowace kwalba, har bayan ya yi ritaya yara za su ci gaba da kiran sunayen da ya raɗa.

Akwai abubuwan da ba kunya a cikinsu, ko da surukinka ne. Duk abin da ke robar ruwan sha ya koma kwalbar da ta dace da shi kafin yaro ɗaya ya taka ɗakin. Wadda Baba ya yi shakka a kanta, kada a shinshina, kada a zubar a kwata, a ware ta a kulle har a samu masana su ɗauke. Ba ci, ba sha, ba alwala a ciki, har da kai. Ranar da famfo ya ɗauke, in babu wadataccen ruwa mai tsabta na wanke ido da fata, a ɗage gwaji. Yara su sa tabarau na kariya, a ɗaure duk mayafi da hannun riga mai reto kafin a kunna wuta. Makulli kuma ya zama biyu. In ba a gama wannan ba kafin mako mai zuwa, a jinkirta shigar yaran, jarrabawa ba ta kai ido ɗaya daraja ba.

Rahoto kuwa ka rubuta gaskiya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka fara da kuskurenka. Ka faɗi na robobi da dalilin da ya kawo su, ka nemi a sayo kwalabe. Ka rubuta ƙarara wanda ya riƙe hannunka. Ka karanta wa Baba kafin ka miƙa, in ya yarda ku kai tare, da jerin gyaran da kuka riga kuka yi. Shugabar da ta san aikinta ba za ta hukunta mutanen da suka zo mata da matsala da maganinta a rana ɗaya ba.

Batun hannu, ka bar wahalar da sabulun mahaifiyarka, kada kuma ka kankare ko ka zuba wani sinadarin. Irin wannan baƙin yakan tafi da kansa yayin da fata ke sabuntawa, ga ma'aikaciyar jinya kuma ka samu kyauta. In da saura ranar ɗaurin aure, kada ka ɓoye hannun a aljihu. Ka miƙa wa surukinka shi haka nan. Ya riga ya riƙe hannun nan tun ranar Talata, kuma wanda ya tsallake tebura uku don kada ka kai shi baki, ba zai sake shi don ka faɗa masa gaskiya ba.

Allah ya sanya alheri, ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya tsare yaran da ke hannunku. Ka gaishe mini da Baba, ka ce Gwaggo ta ce ya ci gaba da manta tabarau har a ga jikoki.

Gwaggonku